Abin da Hannun Lakeram Ya Ji

Duk wanda ya taɓa buga kurket a filayen unguwar Queens ya san Lakeram Budhoo, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai farar hular da ta koma ruwan ƙasa, wanda kowace Lahadi yake riga kowa isa fili da tabarmar wasa a nannaɗe bisa rufin motarsa. Tabarma ce ta zaren kwakwa, mai nauyin tsiya, ita ake shimfiɗawa a tsakiyar fili a kafe ta da manyan ƙusoshi don ƙwallo ta samu wurin tashi. Shekara talatin da 'yan kai tabarmar ƙungiyar Taurarin Canje tana kwana a ɗakin ƙasa na gidansa. Tabarmar ta tsufa an sake wata, waccan ma ta tsufa an sake, amma ba a taɓa sake mai ɗaukarta ba.

Shi da Cuthbert Fraser suka kafa ƙungiyar, lokacin ba su daɗe da barin Guyana ba, suna kwana ɗaki ɗaya a bayan wani shagon roti, gurasar mutanensu, a titin Liberty, suna rawar sanyi suna tsine wa wanda ya ce musu su zo. Lakeram ya samu aikin kula da tukunyar ɗumama wani dogon gini, ya riƙe shi har furfura ta cinye masa kai. Cuthbert ya tuƙa bas, ya ajiye tumbi, ya ajiye wasa, ya koma mai girkin ƙungiya kuma mai bakinta: shi ke dafa abinci a gefen fili, shi ke zagin alƙali da ludayi a hannu. Sun ga yara sun shigo ƙungiyar, sun yi aure, sun tattara sun koma Florida. Abu ɗaya ne ba su taɓa gani ba, kofin gasa. Sau biyu suna kaiwa wasan ƙarshe, sau biyu suna dawowa gida da tukunya kawai. Lakeram ba ya maganar kofin nan, amma matarsa Dularie ta san dalilin da ya sa bai taɓa yarda ta ɗora komai a kan kantar da ke saman talabijin ba.

Ba don gwaninta aka san shi ba, ko da yake hannunsa ba laifi. An san shi ne da tafiya. A kurket, idan ƙwallo ta goga gefen sandarka ko da kamar shafar ƙuda ne, mai tsaron baya ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, to ka fita. Sai dai alƙali ne zai ɗaga yatsa ya fitar da kai, kuma alƙali mutum ne, yana nesa, wani lokacin jiya ya sha. Yawancin masu bugu tsayawa suke su yi fuskar salihai su jira hukunci. Lakeram ba ya jira. Da zarar ya ji a tafin hannunsa cewa ya taɓa, sai ya cusa sanda a hammata ya kama hanyar waje, ko an yi ihu ko ba a yi ba.

A Berbice, can gida Guyana, ya samo wannan hali, a barikin masu yankan rake. Yana yaro, ana wasa da sandar reshen kwakwa, ya taɓa ƙwallo aka cafe, ya rantse bai taɓa ba, ya ci gaba da bugu har rana ta faɗi. Bai san ubansa na zaune a bakin magudanar ruwa yana wasa adda yana kallo ba. Tsohon bai dake shi ba. Da aka kawo abinci sai ya ɗauki kwanonsa ya fita tsakar gida ya ci shi kaɗai, ya yi haka har mako ya zagayo. Ranar da ya dawo cin abinci a ɗaki, abin da ya ce kawai shi ne, "Alƙali yana iya rasa ji. Hannunka ba ya rasa ji." Lakeram ya ɗauko maganar nan ya haye teku da ita, ya riƙe ta fiye da yadda ya riƙe addininsa.

In za a faɗi gaskiya, yana jin daɗin abin. Yana da wata irin tafiya da yake yi in ya fitar da kansa, kai sama, ba sauri, don kowa ya samu lokacin gani. Mutum ne mai gaskiya, babu ja, amma yana son a san da ita, yadda mai sabon takalmi yake son a kalli ƙafarsa. Tsofaffi suna tafa masa. Yaran ƙungiya suna cizon yatsa.

Sandar da yake bugu da ita ma tsohuwa ce. Ta yi duhu saboda man da yake shafa mata duk lokacin sanyi, an naɗe cikinta da zare a wuri biyu, robar mariƙinta an sake ta ba adadi. A farkon kakar wasan da muke magana, Dhanraj, ɗan ƙanwarsa, wanda yanzu shi ne kyaftin kuma mai jifa mafi zafi a ƙungiyar, ya kawo masa sabuwa fil a cikin leda.

"Kawu, ka sallami tsohuwar nan haka. Ta yi maka bauta, ka bar ta ta huta."

"Ita ta ce maka ta gaji?"

"Ba sai ta faɗa ba. Ko Anti Dularie ta fi ta ƙuruciya."

Dularie ta leƙo daga kicin ta ce, "Ka ci gidanku. Ai da ni yake shafa wa mai duk shekara haka, da ba ka gane ni ba."

Aka yi dariya. Lakeram ya yi godiya, ya kai sabuwar sandar ɗakin ƙasa ya jingina ta a kusurwa da ledarta, bai sake kallonta ba.

Kakar nan ita ce ta ƙarshe gare shi, kowa ya sani. Gwiwarsa ta dama ta ƙare, likita ya sa ranar aiki a watan Oktoba, ya kuma gaya masa ƙarara cewa bayan haka gudu sai dai a mafarki. Kamar ƙungiyar ta ji, sai ta tashi tsaye. Suka yi ta cin wasa har suka tsinci kansu a wasan ƙarshe, wata Lahadi a watan Satumba, da Matasan Corentyne, ƙungiyar da suka riga suka lallasa sau biyu a shekarar. Cuthbert ya sayi agwagi tun ranar Juma'a. Dularie da matan sauran suka tashi da asuba suna murza dhal puri, gurasa mai niƙaƙƙen wake a ciki. Ita da kanta ta goge kantar saman talabijin.

Filin yana ƙarƙashin hanyar jiragen sama. Ba a jimawa sai wani ƙaton jirgi ya sauko ta kan bishiyoyi, cikinsa a waje, ƙararsa ta cika kunne har mutum bai jin abin da na kusa da shi yake faɗa. Masu wasa a nan sun saba. Wasunsu ma sun iya amfani da shi.

Corentyne suka fara bugu, Dhanraj ya shiga cikinsu kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Kafin mutane su gama zama, huɗu sun fita. Sai Pitamber ya shigo, wani gajere mai sarƙar zinare a wuya, dillalin gidaje. Jifa ta biyu da aka yi masa, jirgi na bisa kai, ya kai sanda, ƙwallon ta goge ta har ta canza hanya. Makaho ma ya gani. Mai tsaron baya ya cafe, duk fili ya ɗaga hannu yana ihu. Alƙali ya girgiza kai, ya nuna jirgin ya taɓa kunne, wato bai ji komai ba. Pitamber ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi.

"Ɓarawo!" Cuthbert ya yi kururuwa daga bakin tukunya. "Kai mai sarƙa! Har a Berbice an ji wannan! Alƙali, in ba ka da kunne ai kana da ido, ko shi ma ka bar shi a gida?"

Lakeram yana tsaye kusa da Pitamber. Ya ce masa a hankali, "Ɗana, ka taɓa."

Pitamber ya yi murmushi. "Kawu, ni aikina bugu. Mutumin can da farar riga shi ake ba abinci don ya yi hukunci. Kada in ci masa aiki."

Ya tsaya, ya buga maki saba'in da wani abu, ya fitar da ƙungiyarsa daga rami. Duk da haka abin da suka tara ba wani abin tsoro ba ne. A ranar da aka saba, yaran Canje za su cinye shi kafin shinkafa ta huce.

To amma ba ranar da aka saba ba ce. Yaran sun hango kofin a kan tebur, rana na haska shi, sai hankali ya bar jikinsu. Kowa ya shiga yana son a ce shi ne ya gama wasan. Wannan ya ɗaga sama aka cafe, wancan ya ruga ba a kira shi ba aka kayar masa da turaku, itatuwan nan uku da mai bugu ke karewa, wani ya rufe ido ya kai duka ya sami iska. Lokacin da Lakeram ya ɗaura kariyar ƙafa ya ɗingisa zuwa tsakiya, saura maki hamsin, mutanen da suka rage kuma ba na dogaro ba ne.

Abin da ya yi a sa'ar da ta biyo baya shi ya kamata a riƙa tunawa da shi, amma ba wanda ke tunawa. Bai yi gaggawa ba. Wadda ta zo daidai ya tare, wadda ta kauce ya tura ta tsakanin mutane ya ja ƙafa ya ruga ya ɗauki maki ɗaya. Gwiwar na ci masa rai, gumi na shiga masa ido, yana ganin abokan bugunsa suna fita ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe Dhanraj ya shigo, shi ne na ƙarshe, bayan shi babu kowa, in ɗayansu ya fita wasa ya ƙare. Suka haɗu a tsakiyar tabarma.

"Kawu, ni dai ka san jifa na iya. Me zan yi?"

"Ka sa sanda a gaban turaku ka yi addu'a. Sauran ka bar mini."

Suka lallaɓa. Ashirin ta koma goma, goma ta koma biyar. Mata suka bar tukwane suka matso bakin igiyar da ta kewaye fili. Cuthbert ya daina zagi, abin da ba a taɓa gani ba. Saura maki uku, jifa kuma tana nan da yawa, babu abin da ke korarsu. 'Yan Corentyne sun riga sun sare, wani ma ya fara cire hula.

Jirgi ya taso ta kan bishiyoyi. Mai jifa ya rugo, ya saki wata gajera a gefe, irin wadda Lakeram ya yanka sau dubu a rayuwarsa. Lakeram ya ja baya, ya kai mata sara da ƙarfi. Bai same ta yadda ya so ba. Ta wuce, ta faɗa hannun mai tsaron baya. A cikin tafin hannunsa kuwa, ƙarƙashin safar hannu, ya ji wani ɗan abu: ƙas.

Ba wanda ya yi ihu. Mai tsaron baya har ya juya zai miƙa ƙwallon ga na kusa da shi. Alƙali na kallon agogonsa. Lakeram ya tsaya kamar na numfashi biyu, kuma Allah kaɗai ya san abin da ya ratsa zuciyarsa a ciki, don ya ga teburin, ya ga Dularie da hannu a baki. Sai ya cusa sanda a hammata.

"Kawu!" Dhanraj ya yi ƙara. "Kawu, ina za ka? Koma! Ba ka taɓa ba!"

"Na taɓa."

"Ba ka taɓa ba, ina kallo! Mota za ta wuce tsakaninka da ƙwallon nan! Don girman Allah ka koma!"

"Hannuna ya ji," in ji Lakeram, bai ko waiga ba.

Sai a lokacin 'yan Corentyne suka farga, suka ɓarke da ihu kamar su suka gani tun farko. Alƙali ya kalli bayan tsohon da ke tafiya, ya ɗaga kafaɗa, ya ɗaga yatsa. Mai abu ya ce ya yi, shi me zai ce? Wasa ya ƙare. Lakeram ya yi tafiyar nan tasa, kai sama, ba sauri, sai dai wannan karon ba wanda ya tafa. Dhanraj ya durƙusa a kan tabarma ya kifa kai, ƙato da shi, yana kuka kamar an yi masa mutuwa.

Al'ada ce a ci abinci tare bayan wasa, ko an ci ko an sha kashi, don haka agwagwar da Cuthbert ya dafa don biki 'yan Corentyne suka fi kowa cin ta. Pitamber ya zo da faranti a cike, miya a leɓe, kofin gasar a ɗaya hannun.

"Kawu, na cire maka hula. Irinku sun ƙare a duniya."

"Shi ya sa irinku suka yi yawa," in ji Cuthbert. "Ci ka ba mutane wuri."

Da ya tafi, Cuthbert ya juyo kan abokinsa, idonsa ja. "Shekara talatin, Lake. Shekara talatin ina hura wuta a filin nan. Sau ɗaya, sau ɗaya tak, ba za ka iya tsayawa ka gyara igiyar takalmi ba? Kofin nan naka ne kai kaɗai da za ka yi sadaka da shi?"

"Kofin sata kake so in kai gida?"

"Ai ga shi can an tafi da shi gidan ɓarawo! Ka huta!"

Yaran ba su ce masa komai ba, wanda ya fi zagin ciwo. Kowa ya tattara jakarsa ya shige mota. Ranar shi kaɗai ya zare ƙusoshi, ya nannaɗe tabarma, Dularie ta kama masa gefe ɗaya suka ɗora a mota.

Ya ji zafin abin ƙwarai, kada wani ya ce bai ji ba. Amma yana da abin da ya riƙe. Aka yi masa aikin gwiwa, ya kwanta, ya tashi da sandar dogarawa, Dhanraj bai zo ba, Cuthbert ya zo sau ɗaya ya yi zancen yanayi ya tafi. Duk wannan Lakeram ya haɗiye, don in ya kalli kantar da ba komai a kanta sai ya ce wa kansa ya rasa kofi amma bai rasa abin da ubansa ya bar masa ba. A shagon aski ya ba da labarin ya fi a ƙirga. Kullum a wuri ɗaya yake tsayawa ya buɗe tafin hannu ya nuna wa mutane, kamar ƙarar tana nan a rubuce. Dularie ta ji labarin har ta haddace, in ya fara sai ta tashi ta ɗora ruwan shayi.

Wata Lahadi da rana a watan Maris, ƙanƙara ta fara narkewa a bakin titi, ya sauka ɗakin ƙasa da kwalbar mai da tsumma. Ba zai sake wasa ba, amma hannu ya saba. Ya shafe tsohuwar sandar, ya goge ta, ya ɗaga ta a hasken taga. Sai ya gyara tsayuwa a gefen tabarmar da ke nannaɗe, ya ja baya a kan sabuwar gwiwa, ya kai saran nan na ranar, a iska.

Ƙas.

Ya tsaya. Babu ƙwallo a ɗakin. Babu jirgi. Ya kalli silin ko ya taɓa bututu, silin na can sama. Ya sake kai sara a hankali, shiru. Ya kai da ƙarfi, yadda ya kai a ranar. Ƙas, a daidai wurin, ƙarƙashin babban yatsa.

Ya zauna a kan tabarma ya naɗe robar mariƙin zuwa ƙasa. A inda mariƙi ya shiga jikin sanda akwai tsaga, siririya kamar gashi, ta yi baƙi da tsohon mai. Ba ta yau ba ce, ba ta jiya ba. Ya murɗa kaɗan, ta buɗe baki ta rufe, ta yi ƙarar. Sabuwar sandar tana jingine a kusurwa cikin ledarta, ƙura ta rufe ta.

Ya daɗe a zaune. Ba kofin ne ya fara zuwa masa ba, Dhanraj ne, durƙushe a kan tabarmar nan da yake zaune a kai, yana rantsuwa da abin da idonsa ya gani. Yaron ya faɗi gaskiya a gaban duniya, shi kuma ya ƙaryata shi bai ko waiga ba.

Aka buga ƙofa a sama. Ya ji muryar Dularie tana cewa, "Lale, ɓatacce! Yana ƙasa wajen kishiyata." Sai takun ƙafa masu nauyi a matakala. Lakeram ya yi sauri ya mayar da robar.

Dhanraj ya tsaya a matakin ƙarshe yana murza hula a hannu. "Kawu, ya ƙafar?"

"Da sauƙi."

"Tabarma na zo ɗauka, za mu fara motsa jiki." Ya share murya. "Kuma na zo in ba ka haƙuri. Na yi rashin kunya. Duk sanyin nan abin na cina. Na yi ta juya shi, na ga ni ina nesa, rana na idona, kuma ina son kofin nan kamar hauka. Mutum in yana son abu, idonsa sai ya nuna masa abin da yake so. Kai kuwa tun ina cikin zane ban taɓa jin ka yi ƙarya a kan tabarma ba. In ka ce ka taɓa, ka taɓa. Na gaya wa yara haka, na ce duk wanda ya sake zaginka ya nemi wata ƙungiya."

Lakeram ya kalle shi. Magana ce gajera, ba ta fi numfashi ɗaya ba: kai ne da gaskiya, ɗana. Daga nan sai Cuthbert ya ji, yara su ji, shagon aski ya ji, Pitamber ya ji ya yi dariya har sarƙarsa ta yi rawa. Ya buɗe baki. Sandar na kan cinyarsa, hannunsa a kan tsagar.

"Kama ta wancan gefen," ya ce. "Ka kula da ƙusoshin, suna cikin buhu."

Dhanraj ya sunkuya ya rungumi tabarmar, fuskarsa ta saki, har yana murmushi. Lakeram ya miƙe don ya ba shi wuri. Ya ɗauki tsohuwar sandar da hannu biyu, ɗaya a mariƙi ɗaya a jiki, ya kwantar da ita a kan tebur a hankali, a hankali, don kada ta yi ƙara.